Yadda Na Je Jibiya Goge Rahamu

Tun da na dawo daga Jibiya ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta kira ta ce wai da gaske ne na tsallaka Nijar a kan babur, waccan ta ce na rame, Maryam kuwa har gida ta biyo ni neman tsarabar cuku. Duk wadda ta tambaye ni yaya hanya sai in ce lafiya lau, in kawo wata maganar. Ba rowar labari nake yi muku ba. Akwai abin da ban san yadda zan faɗe shi a tsakiyar hira ana shewa ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, a ƙyale ni haka.

Kun dai san aikina, ko da yake har gobe Umma cewa take yi gyaran kwamfuta nake. Rumbun bayanai nake kula da shi, wato manhajar da asibiti ko makaranta ke zuba sunayen mutanensu a ciki, ta adana, ta fito da su in an nema. Wani ƙaramin asibitin masu sikila da ke Magama, dab da bakin iyaka, shi ya kawo kuka ofishinmu. Shugabanmu Malam Nasiru ya kira ni, ya juyo mini da allon kwamfutarsa ya ce in karanta. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da asibitin ce ta rubuto, kuma maganar ba ta da tsawo. Ta ce yaran da suka rasu suna dawowa cikin kwamfuta, ita kuma kwamfutar tana aika wa iyayensu saƙon waya cewa su kawo su ganin likita.

Dariya na yi, Allah Ya yafe mini, don na san ciwon tun kafin in ga majinyacin. A irin wannan rumbun, in aka goge mutum ba ya ɓacewa nan take. Alama ake yi masa cewa ya tafi, sai daga baya wani sashe na manhajar ya biyo ya share. Tsohon zubin manhajar da asibitin ke amfani da shi yana da wani aibi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sharar, fihirisar da ke nuna wa kwamfuta inda kowa yake sai ta rikice, ta riƙa nuna wanda aka goge kamar yana nan. Masu manhajar sun daɗe da gyara wannan a sabon zubi, tsohon kuwa sun yaye shi, ba sa ƙara waiwayarsa. Hanya biyu ce ke nan. Ko a yanko gyaran daga sabon a liƙa wa tsohon, abin da muke kira faci, ko a kwashe komai a yi ƙaura zuwa sabon gaba ɗaya.

"Ƙaura za ki yi musu," in ji Malam Nasiru. "In kika yi faci kin zama uwar tsohon nan har abada. Gobe wani aibin zai fito, ke za a kira, jibi ma ke za a kira. Amma ita matar ta kafe faci take so. Je ki gano mana dalilinta."

Daga Kano zuwa Katsina ba abin da ya faru sai barcin da na sha. A tashar Jibiya ta Katsina aka fara gwada mini cewa na bar gida. Direban ya dubi jakar kwamfutata ya ce a sa ta a but, na ce sam, a cinyata za ta zauna. Ashe gara but ɗin. Matar da ke gefena ta riƙo robar daddawa wadda murfinta bai kama ba, kafin mu kai Daddara jakar ta sha, mayafina ya sha, har fasfo ɗina da na sako saboda ko-ta-kwana ya samu rabonsa. Na yi tsaki a ciki, a fili kuma na ce ba komai Hajiya.

Damina ce, gero ya kai kafaɗa dama da hagu, ga shingayen jami'an tsaro kusa da kusa, ba ka gama gyara zama daga wannan ba an tsayar da ku a wancan. An sha gaya mini ba a bin hanyar nan in rana ta yi sanyi, kuma na ga alama, don akwai inda direban ya kashe rediyo ba wanda ya ce masa, motar ta yi tsit sai motsin leɓɓa. Da muka wuce wurin sai hira ta dawo kamar an buɗe famfo. Nan wani dattijo mai kwandon zabi ya tambaye ni gidan wa za ni. Na ce asibitin masu sikila na Magama.

Mai daddawa ta juyo ta dube ni sosai. "Wanga mai kiran matattu?"

Na ce matsalar kwamfuta ce kawai, ita ma na zo gyarawa. Ta ce ita dai ƙanwarta ta daina kai yaronta can. Ta ce maƙwabcinsu saƙo ya shigo masa yana cikin gona, a kawo ɗansa da ya binne bara, tun ranar bai sake kunna wayar ba. Mutane na cewa gidan da aka kira mamaci, to akwai mai bin sa. Dattijon ya yi a'uziyya, ya jawo kwandonsa kusa da ƙafarsa. Daga nan har muka sauka ba wanda ya ƙara yi mini magana, ita ma mai daddawar ta ɗan janye jikinta daga nawa.

Magama gari ne da ke tsaye da ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Manyan motoci jere, masu shayi da dogon burodi irin na Nijar, acaba ma a nan kabu-kabu sunansa. Asibitin yana bayan wani gareji, ɗakuna ne ƙalilan da rumfar kwano, da bishiyar darbejiya a bakin ƙofa. Ga bencuna da yawa, amma ba kowa a kai. Anti Rabi, ita ce ma'aikaciyar da ta rubuto, ta fito ta tare ni. Doguwa ce mai tabarau rataye da igiya, tana magana kamar ana korarta. Ta rungume ni, ta ja da baya tana shinshina.

"Ɗiyata, injiniya anka ce za a aiko mani ko mai miya?"

A gidanta na sauka a cikin garin Jibiya, ɗakin 'yarta da ke makaranta. Ba zan ɓoye muku ba, na ci abinci a gidan nan har na ji kunya. Dambu da zogale wanda ya ji ƙuli, da wata fura mai yaji wadda tamu ta Kano ba ta ko kama ƙafarta ba. Abin da ya gajiyar da ni gaisuwa ce. Mu a Kano in an ce ina kwana, lafiya, an gama. A can sai an tambayi gajiyarka, da gajiyar jiya, da ruwa, da mutanen da ka baro, kana ganin an ƙare sai a ɗauko daga farko. Maƙwabta suka riƙa shigowa ganin wadda ta zo korar abin da ke cikin kwamfuta, wata tsohuwa har da kawo mini rubutu a kofi.

Washegari da safe aka kai ni wurin na'urar. Tana cikin ɗakin ajiyar magani, an ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe ta da zani saboda yoyon kwano. Batirin solarsu ya tsufa, da hadari ya rufe rana sai komai ya mutu, ka ga inda cutar ta samo asali. Na zauna na fara da kwafe komai, sannan na yi gwajin da na saba. Anti Rabi ta ba ni sunan wani yaro da ta san ya rasu. Na umarci rumbun ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya nemo shi. Ya ce babu. Na sake tambaya ta hanyar fihirisa. Sai ga shi, da hotonsa, yana murmushi da giɓi, da ranar da zai dawo ganin likita a watan gobe.

Na san dalili, na san har layin da kuskuren yake a cikin manhajar. Duk da haka sai da na waiga bayana. Na ci gaba da nema, suna ta fitowa, ba ɗaya ba, ba biyar ba, kowannensu ranar zuwansa tana matsawa gaba wata bayan wata kamar na kowa. Ɗakin ba taga, ga warin magani, ga hotunan yara suna kallona. Na tashi na buɗe ƙofar na sa kujera na tare ta.

Da na juya gwajin sai na ga abin da ya fi wannan muni. Akwai yara masu rai da suke cikin rumbun lafiya lau amma fihirisar ba ta ganin su. Su ba a aika musu saƙon komai, ba na zuwa karɓar magani ba, ba na gwajin jini ba. Na karanto wa Anti Rabi suna biyu. Ta zauna a kan kwali. Ta ce ɗaya daga ciki an kawo ta kwanan baya ranga-ranga, ita kuma har faɗa ta yi wa uwar don me ta daina zuwa, uwar na rantsuwa ba ta ga saƙo ba.

Na ce to magana ta ƙare, ƙaura za a yi. Na yi mata bayani dalla-dalla. Faci zai hana sabuwar ɓarna, amma wadda ta riga ta auku tana nan inda take, kuma ni ban san wasu ramukan da ke cikin tsohon nan ba tunda masu shi sun sake shi. Ƙaura kuwa mutanen da ke cikin rumbun da gaske kawai za ta ɗauka, a gina musu sabuwar fihirisa. Masu rai za su bayyana, matattu su tafi.

Ta ce na'urar buga kati ba za ta yi aiki da sabon ba. Na gwada a kan kwafi, ta buga. Ta ce wanda ya rubuta musu manhajar karɓar marasa lafiya ya bar ƙasar, in ta lalace ba mai gyarawa. Na gwada ita ma, wuri ɗaya ta yi gardama, na daidaita. Ta ce ma'aikatanta sun saba da tsohon. Na ce allon da suke gani ko launinsa ba zai canza ba. Kun san ni da rashin haƙuri, har muryata ta fara tashi. Ita kuwa ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen hijabi.

"In kinka yi facin, waɗanda sunka dawo suna nan?"

Na ce suna nan, sai in an bi an rushe fihirisar an sake ta.

"To ki bari sai gobe. Gobe ranar asibiti ta. Ki zauna waje ki gani, sannan ki yi abin da kinka ga dama."

Da safe hadari ya haɗu amma ya ƙi zubowa, gari ya yi duhu-duhu ya yi shiru. Mutanen da suka zo ba su cika benci biyu ba. Al'adar wurin ita ce Anti Rabi ta tsaya a bakin ƙofa tana duban allo, ta kira sunan yaro da na mahaifinsa da ƙarfi, wanda ya kawo shi ya amsa su shiga. Na zauna a gefe ina kallo. A can ƙarshen benci na baya akwai wata mata ita kaɗai, siririya, da baƙin zani da tsagar Fulani a gefen baki. Ba ta zauna a tsakiya ba, ta matsa gefe ta bar wuri kusa da ita, daidai zaman yaro. Ba ta gaisa da kowa ba, su ma sauran matan ba sa kallon wajenta.

Aka kira wannan, aka kira wancan, har aka sallami kowa. Anti Rabi ta dubi allo, ta ɗaga kai, ta kira da irin muryar da ta kira sauran.

"Rahamu Ilu."

Matar ta ce, "Ga mu."

Ta miƙe, ta tako a hankali har bakin ƙofar, ta tsaya, hannunta na dama ya ɗan rabu da jikinta kamar mai riƙe da wani. Ta ce wa Anti Rabi an kwana lahiya, aka amsa mata. Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta juya ta fita, na ji tashin babur ya nufi wajen iyaka.

Sunanta Inna Hure, daga wani ƙauye take a tsallake, wajen Ɗan Isa. Rahamu 'yarta ce, ta yi shekaru tana kawo ta asibitin, har yarinyar ta fara tasawa, sannan ciwon ya tafi da ita a wata damina. Anti Rabi da hannunta ta goge ta daga kwamfuta. Ta ce ranar da abin ya fara faruwa ita ba ta ma lura ba, tana ta karanto sunaye yadda ta saba, sai da sunan ya fita daga bakinta ta ji abin da ta faɗa. Kafin ta yi salati aka amsa daga bencin baya.

Na ce to me ya sa ba ta gaya mata kuskuren na'ura ne ba?

"Ta sani. Ba mahaukaciya ba ce, da hannunta ta yi mata wanka. Rahamu ɗiyar fari ce."

Sai na gane. Mu yanzu a birni mun saki wannan, ku kanku da sunan 'ya'yanku na fari ake kiranku, kuna rangaɗa shi a kasuwa ba ko gezau. A can alkunyar tana nan da ƙarfinta. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba a gaban mutane ba, ba a bayansu ba. Inna Hure tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, sai dai ta ce ke, ko yarinyar nan. Kakar yarinyar ce mai kiran sunanta, ita kuma ta riga jikar rasuwa. Uban ya tafi ci-rani arewa ya daɗe. Bayan rasuwar kuma mutanen gidan suka daina ambaton sunan gaba ɗaya don kada su tayar mata da ciwo. Duk duniya ba inda ya rage ana faɗin sunan nan da ƙarfi sai bakin ƙofar Anti Rabi, sau ɗaya a wata.

Ranar ban iya cin dambun ba. Na kira Malam Nasiru, na fara ba shi labari, na ji ba zai shiga ta waya ba, sai na ce masa kawai akwai sauran gwaji. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Yaran da fihirisa ba ta gani ba za su jira ba, wannan ba shakka a ciki. Amma na ce wa Anti Rabi ba zan taɓa komai ba sai an gaya wa matar nan baki da baki. Ba zan bari ta biya kabu-kabu ta tsallako ƙasa ta zauna a benci har a tashi ba a kira ba.

Haka a ranar na samu kaina a kan babur ni da Anti Rabi muna tsallaka iyaka. A ɓangarenmu kowa ya san Anti Rabi, ana ta ɗago mata hannu. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo ya karɓi fasfo ɗina, ya buɗe, ya kai hanci, ya dube ni.

"Madan, wagga takarda cikin tukunya taka kwana?"

Anti Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masa lokotoron odinatar ce, wato likitar kwamfuta, daga Kano, ya yi mini afuwa. Ya miƙo mini yana murmushi ya ce a sauka lahiya. Hausa ɗaya muke yi da su amma sai na kasa kunne, asibiti a bakinsu likita ne, likita kuma lokotoro, ranar ganin likita randebu. Daga kwalta muka gangara wata hanya cikin gero, muka tarar da ƙorama ta kawo, dole aka sauka aka taka. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, mai babur ya zaro shi da sanda. Da ƙafa ɗaya baƙa ɗaya fara na yi sallama gidan Inna Hure.

Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin rumbu, ta dama fura da nonon da ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Aka yi gaisuwar nan mai tsawo, wannan karon ban ƙosa ba, don ban san ta inda zan fara ba. Anti Rabi ce ta buɗe maganar. Ni kuma na ɗora, na bar zancen fihirisa da zubi, na ce mata na'urar ta tsufa ta rikice, tana tuna waɗanda suka tafi tana manta waɗanda ke nan, har wata yarinya ta kusa rasa ranta. Na ce za a kwashe masu rai a kai su sabuwa, kuma sabuwar ba za ta ƙara aiko mata da saƙo ba.

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata ƙaramar waya. Ta ce ita ba ta karatu. Saƙon farko wani mai shago ta kai wa ya karanta mata, yana kaiwa tsakiya ya saki wayar a ƙasa. Tun daga nan ba ta sake ba kowa ba, ta san shi da siffarsa, in ya shigo sai ta shirya.

"Cikin sabuwar babu wurinta?"

Na ce babu, Inna. Sai kuma tausayi ya ja bakina. Na ce amma ni zan iya rubuta ta a ciki da hannuna kamar tana nan, saƙo ya ci gaba da zuwa, a ci gaba da kiranta, ba wanda zai sani sai mu uku.

Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa yaron da ya faɗi abin da bai san nauyinsa ba.

"A'a, ɗiyata. Da can ita ka zuwa da kanta, ba wanda ya kira ta. Wanda yaz zo da kai nai daban, wanda anka jawo daban. Kada ki jawo mani ita." Ta mayar da wayar ta ƙulle. "In lokacin tahiya ya yi, ku bar ta ta tahi. Ɗiyan mutane su samu maganinsu. Gobe ni zo, a kira mani ita, sannan ki yi aikinki ina zaune."

Ta zo da hantsi, ba ranar asibiti ba, ba kowa a rumfar sai ita. Ta zauna a wurinta na kullum, ta bar gefen nan. Hadarin jiya ya dawo ya tsaya a kan garin, iska ko kaɗan babu. Na nemo yarinyar ta fihirisa ta fito a allo. Ranar na fara ganin fuskarta, 'yar siririya mai manyan idanu, da ɗankwali ya zame mata baya. Anti Rabi ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara murya, ta kira.

"Rahamu Ilu."

"Ga mu."

Wannan karon ba ta taso ba. Na koma ɗakin magani na yi bisimilla na fara. Aikin kansa ba wani abin ba da labari ba ne, an kwashe, an zuba, an gina sabuwar fihirisa, ina ta addu'a kada batirin ya ba ni kunya, bai kuwa ba ni ba. Yaran da suka ɓace duk suka bayyana, na tura musu saƙo nan take. Sannan na rubuta sunan Rahamu na nema ta hanyar farko. Babu. Na nema ta hanya ta biyu. Babu. Na taɓa goge mutane da yawa a rumbuna daban-daban, ban taɓa jin hannuna ya yi sanyi irin na ranar ba.

Na fito. Inna Hure ta ɗago kai ta ce, "An gama?"

Na ce an gama, Inna.

Ta ce madalla, Allah Shi biya. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta yi wa Anti Rabi sallama, ta fita. Na bi bayanta da niyyar in tsayar mata da babur. Ba ta nufi titi ba. Ta tsaya a gindin darbejiyar nan ta ba ni baya, ta duba dama ta duba hagu, ba ta san ina bakin ƙofa ba. Na ga kafaɗunta sun ɗaga. Sai na ji ta faɗa, a hankali, da ƙyar, harshenta na tuntuɓe a kan sunan da bai taɓa ɗauka ba.

"Rahamu."

Ta karkata kai gefe tana saurare. Ni dai na koma ciki da sauri na rufe ƙofa, don ban so in ji ko za a amsa mata ba.